Laifin Baƙo da Nauyin Mai Masauki: Nazari a Kan Babbar Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

Ranar Juma'a, 19 ga watan Yuli na shekarar 2024, ma'aikata a ƙasashe da dama suka wayi gari suka tarar kwamfutocinsu sun ƙi tashi. A filayen jiragen sama, allunan da ke nuna lokacin tashi da sauka suka rikiɗe suka koma shuɗi. A Ingila gidan talabijin na Sky News ya ɗauke na ɗan lokaci, likitocin unguwanni kuma suka kasa buɗe bayanan marasa lafiyarsu. A Amurka kamfanin jiragen sama na Delta shi kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana biyar. Washegari kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, watau ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na duk masu aiki da Windows a duniya. Illa iyaka su ne waɗanda bankuna da asibitoci da tashoshi suka jingina da su.

Sunan da ya fara zuwa bakin jama'a a wannan safiya shi ne Microsoft, domin shuɗin allon da kowa ya gani na Windows ne. Amma kuskuren ba daga can ya fito ba. Daga wani kamfanin tsaron kwamfuta ya fito, mai suna CrowdStrike, wanda ke birnin Austin a jihar Texas, wanda kuma kafin ran nan mafi yawan mutane ba su taɓa jin sunansa ba. Manufar wannan takarda ita ce ta duba tambayar da wannan al'amari ya farfaɗo da ita, tambayar da ta daɗe tana yawo tsakanin masu wannan sana'a: idan manhajar wani kamfani dabam ta yi kuskure har ta kwantar da kwamfuta ɗungum, mene ne rabon babbar manhaja a cikin abin?

Zaure da Ƙurya

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita kalmomi. Abin da ake nufi da babbar manhaja shi ne tsarin da ke riƙe da ragamar kwamfuta baki ɗaya, kamar Windows ta Microsoft, ko macOS ta Apple, ko Linux. Ita ce ke raba lokacin masarrafa tsakanin ayyuka, ita ke yanka wa kowace manhaja rabonta na ƙwaƙwalwa, ita ke magana da allo da faifan ajiya da na'urar buga takarda. Baƙuwar manhaja kuwa ita ce duk wadda wani kamfani dabam ya rubuta, aka kawo ta aka ɗora a kan babbar: ta lissafi, ta wasa, ta kallon hoto, ta riga-kafin ƙwayoyin cuta.

Baƙin nan ba wuri ɗaya ake saukar da su ba, a nan kuma duk maganar take. Masarrafar kwamfuta tana da matakan izini. Tun zamanin tsarin Multics, a shekarun 1960, aka fara tunanin zagaye aiki da da'irori, ta ciki ta fi ta waje iko. Masarrafar Intel ta 80286, wadda ta fito a 1982, ta zo da da'ira huɗu, amma Windows biyu kawai take amfani da su, ta can ciki da ta can waje. Don sauƙin bayani, a nan za a kira ta waje zaure, ta ciki kuma ƙurya.

Baƙon da aka sauke a zaure yana da tabarmarsa da iyakarsa. In yana son wani abu na cikin gida, sai ya aika a kawo masa. In ya miƙa hannu ga abin da ba nasa ba, masarrafa ta kama shi nan take, babbar manhaja ta sallame shi, sauran aiki ya ci gaba. Abin da ke faruwa ke nan sa'ad da wata manhaja ta rufe kanta ba zato, mai aiki ya yi tsaki ya sake buɗe ta. Baƙon da aka shigar ƙurya kuwa ba wani shamaki tsakaninsa da kome. Ƙwaƙwalwar da babbar manhaja ke ajiye lissafinta a ciki, ita yake taɓawa. Irin waɗannan baƙi yawancinsu direbobi ne, watau ƙananan manhajojin da ke tafinta tsakanin babbar manhaja da wata na'ura, kamar katin hoto ko na sauti. Masu manhajar tsaro su ma sun daɗe suna shiga ƙurya ta wannan ƙofa, ko da yake ba wata na'ura suke tuƙawa ba. Dalilinsu shi ne, mai gadi ba ya ganin ɓarawon da ya riga ya shige ciki in shi yana zaune a waje.

Abin lura a nan shi ne, shuɗin allo ba faɗuwa ba ce irin ta mai santsi. Hukunci ne da babbar manhaja ke yankewa da gangan. In wani abu a ƙurya ya taɓa inda bai kamata ba, ba ta da hanyar sanin iyakar abin da ya lalace. In ta ci gaba da aiki, tana iya rubuta shirme a kan faifan ajiya, ta ɓata lissafin banki ko bayanin majinyaci ba wanda ya sani. Saboda haka sai ta zaɓi tsayawa cik. Wannan dabara ba ta Windows kaɗai ba ce, Linux da macOS ma haka suke yi, launin allon ne kawai ya bambanta.

Laifi Dabam, Nauyi Dabam

Hausa tana da kalmomi biyu da za su taimaka wajen warware wannan zare, su ne laifi da nauyi. Laifi na wanda ya aikata ne. Nauyi kuwa yana iya hawa kan wanda bai aikata kome ba, saboda matsayinsa. Duk wanda ya san harkar fatauci ya san mai masauki: shi ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, shi ke haɗa shi da masu saye, da sunansa ake ba da bashi. In baƙo ya ci amana ya gudu, ba wanda zai ce mai masauki ɓarawo ne, amma ƙofarsa za a zo a yi sallama. Mutane ba baƙon suka sani ba, shi suka sani.

Masu babbar manhaja sun daɗe da gane wannan, tun kafin a fara jayayya a kansa. Misali mafi shahara shi ne na wasan SimCity. Kamar yadda marubucin harkar manhaja Joel Spolsky ya rawaito daga wanda ya rubuta wasan, akwai wani kuskure a cikinsa: yakan mayar wa babbar manhaja wani yanki na ƙwaƙwalwa cewa ya gama da shi, sa'an nan ya koma ya karanta abin da ke wurin. A tsohuwar Windows wannan bai jawo kome ba, don ba mai taɓa wurin da wuri. Da ana gwajin Windows 95 sai wasan ya fara mutuwa. Laifin na masu wasan ne ƙarara. Amma injiniyoyin Microsoft ba su tsaya jiran su gyara ba. Sai suka sa wa Windows 95 wata dabara ta musamman: in ta ga SimCity ce ke gudana, ta jinkirta karɓe abin da aka mayar mata. Lissafinsu mai sauƙi ne. Mutumin da ya sayi sabuwar Windows, ya tarar wasan da jiya yake aiki yau ya ƙi, ba zai je neman wanda ya rubuta wasan ba, Windows zai mayar kanti. Har yau Windows tana ɗauke da tarin irin waɗannan gyare-gyare na kurakuran da ba nata ba.

A wajen masu Linux ma akwai ƙa'ida mai kama da wannan, Linus Torvalds kuwa bai taɓa sassautawa a kanta ba. A watan Disamba na 2012 ya yi wa wani daga cikin masu kula da sashen tsarin faɗa mai zafi a bainar jama'a, saboda ya nemi ɗora wa wata manhajar zaure laifi bayan wani canji a ƙurya ya hana ta aiki. Matsayin Torvalds shi ne, duk canjin da ya karya manhajar da jiya take aiki, kuskuren ƙurya ne, ko da manhajar ce ke da baƙon hali. Sai dai su ɗin nan suna da wata ƙa'ida ta biyu da ta nuna iyakar wannan karamci. In aka shigar da direban da ba a bayyana rubutunsa ba cikin ƙuryar Linux, tsarin yakan yi wa kansa alama cewa ya gurɓata, masu gyara kuma galibi ba su karɓar ƙorafi a kansa sai an cire baƙon an sake gwadawa. Watau sun ɗauki nauyin baƙon zaure, amma sun ce wanda ya shigo da baƙon da ba su iya bincika kayansa har ƙurya, shi ya san yadda zai yi da shi.

Microsoft ba ta da wannan gata. Kasuwarta ta ginu ne a kan cewa Windows za ta yi aiki da na'urar kowane kamfani, daga mai katin hoto na alfarma har mai arahar na'urar buga takarda. A 1996, da ta fitar da Windows NT 4.0, ita da kanta ta mayar da sashen zane da hoto cikin ƙurya don neman sauri, direbobin waɗansu kamfanoni suka bi shi ciki. Sakamakon bai ɓoyu ba. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Stanford a 2001 ya nuna kurakurai a direbobin Linux sun ninka na sauran sassan ƙurya sau uku zuwa bakwai. Wani kuma daga Jami'ar Washington a 2003 ya ambata cewa kashi 85 cikin ɗari na faɗuwar Windows XP da aka kai rahoto, direbobi ne sanadi.

Wadda ta fi shan wannan ɗaci ita ce Windows Vista. Ta fito ga jama'a a farkon 2007, nan da nan ta yi baƙin suna wajen yawan tsayawa. A 2008, cikin takardun da suka fito fili a wata shari'a da masu saye suka kai Microsoft, aka ga lissafin kamfanin na cikin gida na wani yanki na 2007: direbobin Nvidia ne suka jawo kusan kashi 29 cikin ɗari na faɗuwar da aka rubuta, manhajar Microsoft kanta kusan kashi 18, ta ATI da ta Intel kowace wajen kashi 9. Duk da haka ba a taɓa jin wani ya ce zamanin nan Nvidia ta lalace ba. Vista aka ce ta lalace, da wannan suna kuma ta shiga tarihi. Abin ban sha'awa shi ne, a Vista ɗin ne aka canza tsarin direban hoto, aka fitar da babban sashensa zuwa zaure, aka kuma sa Windows ta riƙa ta da shi in ya daskare na daƙiƙa biyu. Wahalar da kamfanoni suka sha wajen sake rubuta direbobinsu don sabon tsarin tana cikin abin da ya jawo rikicin shekarar farko. Amfanin ya zo daga baya: kuskuren da a da yake kawo shuɗin allo, ya koma allo ya yi ƙifta sau ɗaya aiki ya ci gaba. Wannan ya tabbatar da abu guda. Kuskuren baƙo yana nan yadda yake, amma girman ɓarnar da zai yi, mai masauki ne ke yanke shi tun ranar da ya zaɓa masa wurin zama.

Abin da Ya Faru a Minti 78

Manhajar CrowdStrike sunanta Falcon. Tana da direba a ƙuryar Windows, wanda ya bi ta hanyar gwajin Microsoft ya sami sa hannunta. Amma ɓarayin intanet kullum suna canza salo, ba zai yiwu a jira sabon gwaji da sabon sa hannu kowace safiya ba. Saboda haka kamfanin ya raba aikin biyu. Direba yana nan zaune ba ya canzawa sai jifa-jifa. Bayanan abin da zai sa wa ido kuwa ana aiko masa su a ƙananan fayiloli, wani lokaci sau da yawa a yini, waɗannan kuma ba su bi ta hannun Microsoft.

A watan Fabrairu na 2024 kamfanin ya ƙara wani sabon tsarin bincike wanda aka tsara shi da gurbi 21 na bayani. Sashen da ke miƙa masa bayanin kuwa guda 20 yake miƙawa. Ba wanda ya lura, domin fayilolin farko da aka aika daga watan Maris ba su nemi a duba gurbi na 21 ba, sun bar shi a kan ko mene ne ya yi. Ranar 19 ga Yuli, da ƙarfe 4:09 agogon GMT, watau 5:09 na asuba agogon Nijeriya, aka aika sabon fayil mai lamba 291 wanda ya nemi a duba wannan gurbi. Manhajar da ke tantance fayiloli kafin su fita ita ma tana da nata kuskure, sai ta ba shi hanya. Direba ya je ɗauko abu na 21 a jerin da ya ƙare a na 20, hannunsa ya faɗa wurin da ba nasa ba, Windows ta yi abin da aka gina ta ta yi, ta tsaya.

Da ƙarfe 5:27 kamfanin ya janye fayil ɗin. Minti 78 ke nan. Duk kwamfutar da ke kashe a wannan tsakani ta tsira. Waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda ba su barci, da na ƙasashen da rana ta riga ta fito musu, kamar Ostareliya da gabashin Asiya. Janyewar kuma ba ta amfani yawancin waɗanda suka riga suka kamu ba. Direban Falcon yana cikin waɗanda ake lodawa tun farkon tashin kwamfuta, saboda haka duk sa'ad da ta yunƙura ta tashi sai ta sake karanta fayil ɗin ta sake faɗuwa, sau da yawa tun ba ta kai ga intanet ta karɓi gyara ba. Magani sai mutum ya zo da ƙafarsa gaban kowace na'ura, ya ta da ita ta hanyar gaggawa, ya nemo fayil ɗin ya goge. In kuma an kulle faifan da BitLocker, sai an nemo mabuɗi mai lamba 48, wanda a waɗansu ma'aikatu yana ajiye a cikin wata kwamfutar da ita ma ta kwanta. Shugaban Delta, Ed Bastian, ya ce sai da suka ta da manyan kwamfutoci 40,000 da hannu.

Game da laifi ba a daɗe ana gardama ba. Shugaban CrowdStrike, George Kurtz, ya ba da haƙuri tun ran nan, rahoton da kamfanin ya fitar ranar 6 ga Agusta kuma ya jera kurakuransa da kansa. Direban ba ya duba iyakar jeri kafin ya karanta. Ba a gwada irin wannan fayil yadda ya kamata ba. Mafi muni, an tura shi ga kowa a lokaci guda, maimakon a fara da 'yan na'urori kaɗan a ga abin da zai faru, masu saye kuma ba su da ikon jinkirta karɓarsa. Ba kuma shi ne karo na farko a wannan sana'a ba. A watan Afrilu na 2010 wani sabon fayil na McAfee ya ɗauki wani muhimmin sashe na Windows XP a kan ƙwayar cuta ya killace shi, kwamfutoci masu yawa suka shiga kashe kansu suna tashi. A lokacin Kurtz shi ne babban jami'in fasaha na McAfee.

To, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Tambayoyi uku aka yi wa Microsoft, ƙarfinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Ta farko, mene ne amfanin sa hannu a kan direban da halinsa ke canzawa da fayilolin da ba a gani ba? An binciki baƙo a ƙofa, an bar masa taga yana karɓar kaya. Wannan zargi yana da gaskiya, ko da yake ba mai hankalin da zai so maganin sabuwar cuta ya yi mako yana jiran tambari. Ta biyu ta fi nauyi: me ya sa Windows, bayan ta faɗi sau uku ko huɗu a wuri ɗaya saboda direba ɗaya, ba ta da hanyar ajiye shi gefe ta tashi ta nemi gyara? Akwai amsa, ita ce manhajar tsaron da faɗuwa ke iya kashewa ta zama abin wasan ɓarayi, su jawo faɗuwar da gangan su kori mai gadi. Amma tsakanin korar mai gadi da barin gida a kulle har sai an zo da gatari akwai hanyoyi, farfaɗowa kuma ba aikin baƙo ba ne ko kaɗan. Babbar manhaja kaɗai ke nan a tsaye sa'ad da kome ya kwanta. Nauyin wannan sashe nata ne ita kaɗai.

Tambaya ta uku ita ce ta ƙofar kanta, ita ce kuma mai sarƙaƙiya. Kamfanin Apple, daga macOS Catalina a 2019, ya gina wa masu tsaro wata hanya da za su ga abin da ke gudana suna zaune a zaure, daga Big Sur a 2020 kuma ya fara ƙuntata shiga ƙurya. Falcon tana aiki a kan macOS ta wannan hanya, fayil na 291 kuma na Windows ne kaɗai. Me ya hana Microsoft yin haka? Kakakinta ya gaya wa jaridar Wall Street Journal cewa wata yarjejeniya da ta yi da Hukumar Tarayyar Turai a 2009 ta ɗaure mata hannu. Maganar tana da asali. Tun a 2006, da Microsoft ta sa wa ƙuryar Vista wani shinge mai suna PatchGuard, Symantec da McAfee suka yi ca a kanta, suna cewa so take ta kore su daga kasuwa, har McAfee ta sayi shafi guda a jaridar Financial Times don ta kai kuka. A Disamba na 2009 Microsoft ta yi alkawarin ba masu manhajar tsaro na waje irin hanyoyin da nata manhajojin tsaro ke amfani da su. Hukumar ta mai da martani cewa Microsoft ke da ikon tsara kasuwancinta, ba ta kuma taɓa kawo mata kukan tsaro a kan wannan ba.

In aka duba alkawarin da kyau, daidaito ya nema. Bai ce lalle a bar kowa a ƙurya ba, cewa ya yi kada mai gida ya kori baƙi ya bar ɗansa a ciki. Microsoft kuwa tana sayar da nata manhajar tsaro, Defender, wadda ke takara da Falcon a kasuwa ɗaya. Da ta gina zaure mai kyau ta fara fitar da nata, da hujjar ta yi rauni. Laifi tudu ne. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa aikin Apple ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, tun da ita ke ƙera na'urarta ita ke rubuta manhajarta, baƙinta kuma ba su kai na Windows yawa ba. Su ma masu tsaron ba su ɗokin fita. Da jami'in CrowdStrike, Adam Meyers, ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka a Satumba na 2024, ya ba da haƙuri, amma ya kare zamansu a ƙurya, cewa daga can ne suke iya hana ɓarawo ya kashe mai gadin kansa.

Gaban Alƙali

Shari'a ba ta bin wannan rabe-rabe sau da ƙafa, takardar yarjejeniya take bi. Lasisin manhaja, wanda kusan kowa ke amincewa da shi bai karanta ba, yawanci yana iyakance diyya ga kuɗin da aka biya. Delta ta ce ta yi asarar dala miliyan 500. Lauyan CrowdStrike ya amsa cewa bisa yarjejeniyarsu abin da za a iya nema bai kai dala miliyan 10 ba. Delta ta zargi kamfanonin biyu a baki, Microsoft ta mai da martani cewa ta yi tayin taimako an ƙi karɓa, ta kuma nuna cewa sauran kamfanonin jirage sun farfaɗo da wuri. Nan wani mai nauyi na uku ya bayyana, watau ma'aikatar da ta zaɓi baƙon, ta ba shi ƙurya a dubban na'urori, ba ta tanadi abin yi in ya yi tuntuɓe ba. Ƙarar da Delta ta shigar a jihar Jojiya a Oktoba na 2024 a kan CrowdStrike ce. A Mayu na 2025 kotu ta kori waɗansu sassanta, ta bar zargin mummunan sakaci ya ci gaba.

A Turai, a Oktoba na 2024 ɗin, aka amince da sabuwar dokar diyyar kayan da suka zo da aibi, wadda ta lissafa manhaja cikin kaya kamar mota ko tukunyar lantarki, aka ba ƙasashe zuwa 9 ga Disamba na 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu. Mutum ɗaya ɗaya da ya cutu take karewa, asarar ciniki irin ta kamfanin jirage ba ta ciki.

Ita Microsoft, ko da yake ba ta karɓi laifi ba, abin da ta yi daga baya ya nuna ta karɓi nauyi. Ranar 10 ga Satumba na 2024 ta tara kamfanonin tsaro, har da CrowdStrike, a hedkwatarta da ke Redmond. A Nuwamba ta ba da sanarwar wata hanya da kwamfutar da ta kasa tashi za ta shiga wani keɓantaccen yanayi ta nemi gyara ta intanet, ba sai an zo gabanta da ƙafa ba. Ta kuma shardanta wa abokan hulɗarta na tsaro su riƙa sakin sabuntawa kashi-kashi. A Yuni na 2025 ta ce za ta fara ba waɗansu daga cikinsu gwajin sabon dandalin da zai bar manhajar tsaro ta yi aiki a wajen ƙurya. A wannan sanarwa ce kuma ta ce shuɗin allon zai koma baƙi a Windows 11, da lambar kuskure da sunan direban da ya jawo shi a rubuce daga ƙasa. Sunan dai ko a tsohon allon yana nan. A hotuna da yawa da matafiya suka ɗauka a filayen jirgi ran 19 ga Yuli, in aka duba can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, za a ga an rubuta csagent.sys, wanda shi ne direban Falcon.